Ƙwayar Amiru da Turaren Inno

Akwai wata baiwar Allah da ta turo mini saƙo tana cewa na cika riƙo, wai mace ba ta ajiye namiji a zuciya haka. 'Yar'uwa, na gode da nasiha, amma ki bari ki ji abin da ya faru ranar da dangin Amiru suka zo ganina, sannan ki sake turo mini. Ku kuma da yanzu kuka shigo, sunana Saude, 'yar Malam Illo ta garin Isa, kuma tun ina ƙarama nake fama da ciwon fuka. Mu a can huka muke cewa, a asibiti su ce asma. Duk sunan da aka ba ta abin ɗaya ne, ƙirji ya ƙulle, iska ta ƙi shiga, mutum ya riƙa jin wani siririn fito yana fitowa daga cikinsa.

Abin da nake rayuwa da shi wani ɗan gwangwani ne shuɗi da ake fesawa a baki, inhela. Ina shaƙa ƙirjin zai saki. Illarsa ɗaya ce, bayan na shaƙa sai hannuna ya kama rawa, gabana ya yi ta dukan uku-uku na ɗan lokaci. Na saba da hakan har ban ɗauke shi a bakin komai ba.

A kan wannan gwangwanin muka haɗu da Amiru, ku riƙe wannan da kyau. Shekara ta biyu ke nan da damina ta yi mana rowa. Geron Baba a gonarmu ta Tozai ya kai gwiwa ya tsaya, ya ƙone a tsaye, yayana kuma ya kora ragowar shanunmu kudu neman ciyawa. Komai ya yi wuya, har magani. Nawa ya ƙare, na zaga Isa ban samu ba, aka ce in gwada Sabon Birni. Kafin in sauka daga mota ƙirjina ya riga ya fara, da ƙyar na kai kaina wani ɗan kemis da ke bakin kasuwa, na dafa kanta na kasa ko sallama. Saurayin da ke ciki bai tambaye ni komai ba. Ya zaunar da ni a benci, ya ɓare sabuwar inhela ya girgiza, ya ce in fitar da iskar da ke cikina tukuna, in ja a hankali, in riƙe. Ashe duk shekarun nan rabin maganin a harshe nake fesa shi. Da na dawo hayyacina sai ya karɓi lambata, wai don ya riƙa sanar da ni idan sabon kaya ya zo. Sabon kaya kuwa ya riƙa zuwa safe da yamma.

Kullum da hantsi sai wayata ta yi ƙara: "Saudena, yaya ƙirjin ya kwana?" Na saki jiki da shi har na gaya masa abin da ko ƙawayena ba su sani ba, cewa ciwon ya fi tsananta mini idan al'adata ta kusa. Da kunya na faɗa, kaina a ƙasa. Shi kuwa ya riƙe abin ya fi ni, lokacin na matsowa zai ba direban motar kasuwa inhela ya kawo mini tun ban tambaya ba. Ku gaya mini wace ce ba za ta so irin wannan namijin ba? Na so shi, ba zan ɓoye muku ba, so mai yawa.

Matsala ɗaya ce, Goggo Laraba. Ita ta riƙe Amiru a Gangara tun da iyayensa suka rasu, ita ta sayar da shanunta ta buɗe masa shagon. Kuma ta taɓa binne 'ya'yanta biyu da ciwon ƙirji, tun daga nan ta yi rantsuwa mai huka ba za ta shigo zuri'arta ba, don a ganinta abin gado ne. Ban taɓa ganin laifinta ba, uwa ce da aka ƙona. Na sha ce wa Amiru ya gaya mata gaskiya tun da wuri, shi kuma amsarsa ba ta canzawa: "Ki bar min Goggo, za ni hwaɗa mata da bakina in lokaci ya yi." Mahaifiyata, wadda muke kira Inno, ta goyi bayansa ɗari bisa ɗari, ta ce kada wanda ya tayar da maganar sai an ɗaura aure. Baba kuwa ba ya shiga sha'anin mata, hankalinsa duk yana kan rumbun da ya kusa zama wayam.

Aka sa ranar da Goggo za ta zo ganina, sai ta faɗo daidai kwanakin da nake tsoro. Na roƙi Amiru a ɗaga ko da mako guda ne, ya ce Goggo ta riga ta gaya wa matan da za su rako ta, kuma ita ba ta magana biyu.

Ana gobe za su zo ya iso zance bayan la'asar, cikin shadda ruwan sararin samaniya, hula a karkace kamar kullum. A zaure muka zauna. Ya bayyana mini yadda Goggo ke duba yarinya. A wajenmu yarinyar da aka zo gani ita ke kawo wa baƙi fura da kanta, ta durƙusa ta miƙa ƙwaryar da hannu biyu. To Goggo ba fuska take kallo ba, hannu take kallo, har takan kama wuyan hannun yarinya ta riƙe tana yi mata tambayoyi. Idan ta ji rawa ko bugu, sai ta tono dalili. Yana faɗa yana ciro wasu 'yan ƙwayoyi ruwan hoda a cikin ledarsu daga aljihu.

"Ki shaƙa abinki kamin mu iso, ki ba Inno ta ɓoye shi," ya ce. "Wagga kau ki sha da hantsi. Ita ka tsai da rawar hannu da bugun zuciya."

"Maganin mi na?"

"Masu hawan jini ka shan ta. Ba ta da wata illa."

"Ba ta taɓa ƙirji?"

Ya yi murmushin nan nasa. "Haba Saudena. Ni za ni ba ki abin da ka cutad da ke?"

Na karɓa na ƙulle a gefen hijabina. Na nuna wa Inno, ta ce Allah ya yi wa yaron nan albarka, komai sai ya yi tunaninsa.

Washegari gidanmu ya tashi da aiki. Inno ta fito da kwanukanta na aure ta jera, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta rataya labulen da ba a taɓa shi sai da salla. Geron furar ma daga ɗan abin da aka ajiye na iri ta ɗiba, Baba bai sani ba. Ni kuma na sa atamfata koriya mai zanen ganye, lallen da aka yi mini ya kama jajir, na ɗaura kallabi na ɗora hijabi ruwan toka. Na sha ƙwaya ɗaya da hantsi kamar yadda aka ce, na bar sauran a ƙulle a gefen hijabin. Da muka ji sun kusa na shaƙa inhela, Inno ta karɓe ta tura ta can ƙasan kwallar kayanta, ta danne da zannuwa.

Sai na ga ƙanwata ta shigo da kaskon turare daga maƙwabta. Tun da aka gane ciwona ba a taɓa kunna turaren wuta a gidanmu ba, ko ranar suna. Na ce, "Inno, turare hwa?"

"Gidan da ka aurad da ɗiya, a shigo ba ƙamshi? Tambaya ta hwarko da za su yi ke nan."

Ta ce ɗan kaɗan za ta sa, kafin su iso ya fita. Amma shekarar fari ce, zafi ya tsaya cak, ko ganye ba ya motsi. Kuma don ƙamshin ya kama labule sai ta rufe taga. Da baƙin suka yi sallama, maimakon ta fitar da kaskon sai ta ƙara masa wani ɗan guntu ta tura shi bayan ƙofa.

Su uku suka shigo, Amiru da ya kawo su a motar haya ya tsaya a waje. Goggo Laraba doguwa ce siririya, da tsagen Gobirawa a kumatu, mayafinta fari tas. Na shigo da ƙwarya na durƙusa. Masu karatu, ƙwayar ta yi aikinta, hannuna ko gezau, furar ko motsi ba ta yi ba. Goggo ta kama wuyan hannuna ta riƙe, ta dubi 'yan rakiyarta ta ce ɗiyar ta natsu. Har na ji daɗi a raina, har na yi wa Amiru godiya a zuci. Ta ce in zauna kusa da ita, ta shiga tambayata karatuna da girki da sunayen kakannina.

Ina amsawa ina jin abin yana tahowa. Da farko kamar an ɗora mini hannu a ƙirji, sai kamar an fara matsawa. Na riƙa gajarta amsa. Na yi ƙoƙarin jan iska ta hanci a hankali don kada a ji, amma fiton ya riga ya fara. Goggo ta katse maganarta ta kasa kunne. Matar da ta yi jinyar 'ya'ya biyu ba ta bukatar a gaya mata wannan sautin.

"Mi nika ji haka?"

"Mura ta, Hajiya," in ji Inno. "Sanyin tulu tas sha."

Na ɗaga hannu ina nuna kwalla. Abin da ba zan manta ba, kafin Inno ta dube ni sai da ta fara duban fuskar Goggo. Daƙiƙa ɗaya ce, amma na gani. Sannan ta zabura ta watsar da zannuwan ta ciro inhelar a gaban kowa. Na fesa, na jira, ba komai. Na sake, na sake. Tun da nake a duniya gwangwanin nan bai taɓa ƙin amsa mini ba sai ranar. A nan tsoro na gaske ya kama ni, na tabbata mutuwa zan yi a kan sabuwar tabarmar Inno da lalle a hannuna.

Ban san yadda aka sa ni a mota ba. Na dai tuna muryar Amiru daga gaba yana ta cewa direba ya taka, yana kiran sunana. A asibiti wata nas ce ta karɓe ni, gajera mai tabarau, Malama Fadima. Ta kifa mini abin shaƙa a fuska, aka tayar da janareta, hayaƙin magani ya fara shiga. Ta jira ta ga ƙirjin bai saki yadda ya kamata ba, sai ta tambaya me na sha yau. Inno ta ce fura kawai. Ni ba bakin magana, sai na jawo gefen hijabina na nuna mata ƙullin. Ta kwance, ta karanta bayan ledar, na ga fuskarta ta ɗaure. Nan take ta aika a kira likita, aka canza maganin da ke cikin abin shaƙar, aka yi mini allura, aka ɗaura ruwa. Tana cikin manna filasta ta ɗago ta dube su.

"Wa ya ba mai huka wagga ƙwaya?"

Ina kwance ina kallon Amiru ta saman abin da ke fuskata, yana tsaye jikin ƙofa, hularsa a hannu. Jira nake ya ce ni ne, kuskure na yi. Wallahi da ya faɗi haka da tuni na yafe, da ba ku ma ji wannan labarin ba. Goggo ce ta juya gare shi.

"Amiru, dube ni. Ka san ɗiyag ga na da wanga ciwo?"

Ya dubi ƙasa, ya dubi bango, bai dube ni ba.

"Wallahi Goggo, ni ma yau nig gani."

Da wallahinsa. Mutumin da ya fara ganina ina fito a bakin shagonsa tun bai san sunana ba. Na yi yunƙurin cire abin fuskata, Malama Fadima ta riƙe hannuna ta ce in bar shi. Ta sake tambayar wa ya ba ni ƙwayar, sai na ji muryar Inno, ƙasa-ƙasa: "Ita tas sayo abinta. Ƙuruciya ta." Mutum biyu da na fi yarda da su a duniya suka ɗora mini kayan a lokacin da ba ni da numfashin da zan ce a'a. Goggo ta gyara mayafinta, ta ce Allah ya ba ni lafiya, kuma har ga Allah ta faɗe shi da tausayi. Sannan ta ce wa Inno ba haka ake yi wa mutane ba, ta fita, Amiru ya bi bayanta.

Sai washegari da rana na iya zama sosai. Malama Fadima ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, ta ce tunda ni ke ɗauke da ƙirjin gara in san yadda yake aiki. Ta ce hanyoyin da iska ke bi a cikin huhu kowace tana da wani siririn nama da ya zagaye ta, kamar zariya a bakin wando. Idan ya ja, hanya ta tsuke, idan ya saki, ta buɗe. Na mai fuka saurin ja gare shi, hayaƙi kaɗan ya ishe shi. Jiki da kansa yana da wani sinadari da yake saki cikin jini idan mutum ya firgita ko ya yi gudu, shi ke zuwa ya ce wa naman nan ya saki don iska ta wadata. Maganin inhelata kwaikwayon wannan sinadarin yake yi, wurin zamansu ɗaya a jikin naman. Shi ya sa ma yake sa ni rawar hannu da bugun zuciya, irin na wanda ya tsorata.

Ƙwayar da na sha kuwa aikinta ke nan ta je ta zauna a wannan wurin ta tare shi. Ga mai hawan jini alheri ce, tana kwantar da zuciya. Amma ba ta tsaya a zuciya kaɗai ba, har huhu take zuwa. Don haka da turare ya ja zariyar, na fesa inhela ta iso ta tarar an riga ta zama, sinadarin jikina ma ya zo bai samu wuri ba. Dole sai da suka bi ta wata hanyar da wani magani daban, wanda ke hana saƙon da ke sa naman ya ja tun daga tushe. Na tambaye ta batun al'ada, ta ce ba ni kaɗai ba ce. Sinadaran da ke juya watan mace suna sauka idan jini ya kusa, a wasu matan saukar tana sa hanyar iska ta ƙara saurin fushi. Ta ce abu uku ne suka haɗu a kaina rana ɗaya, kuma ta ga waɗanda biyu kawai suka kai su kabari.

Ta ƙara da cewa gargaɗin yana rubuce a takardar da ke cikin kwalin ƙwayar, duk mai sayar da magani ya kamata ya san ba a ba mai fuka. Ta dube ni ta cikin tabarau ta ce, "Ke kinka sayo ta da gaske?" Na juya fuskata ga bango. Har yau ban san ko Amiru ya san haɗarin ya yi ganganci, ko bai taɓa buɗe takardar ba. Na fi so in yarda bai sani ba. Ba ƙwayar ce ke ci mini rai ba, rantsuwar ce.

Kafin a sallame ni magana ta riga ni isa gida. A bakin rijiya, inda mata ke yini suna jiran ruwa ya taru, ba a da wani zance sai na gidan Malam Illo da suka so su liƙa wa maraya 'yarsu mai ciwo. Masu zuwa dubiya suna yi mini sannu suna leƙen fuskar Inno. Amiru bai kira ba, bai turo ba, ni kuma kamar wawuya duk ƙarar da wayar ta yi sai in zabura in duba. Sai ana nan wata safiya saƙonsa ya shigo, dogo:

"Saudena ki yi haƙuri, ruɗewa na yi. Da na ce na sani Goggo ba za ta sake duban huskata ba, kuma batun ƙwayar zai iya sa a rufe min shago. Ga dabara. Ki tsaya a kan ke kinka ɓoye min don kina tsoron rasa ni. Ni kuma za ni ce na yafe maki, na ji na gani ina so a haka. Goggo na da tausayi, in ta ga na yafe za ta sauko. Kak ki hwaɗa ma Baba na sani. Don aurenmu nika yi."

Na karanta na sake karantawa. Wato ni zan durƙusa in nemi gafarar laifin da ban yi ba, shi kuma ya zama mai haƙurin da ya rufa wa maƙaryaciya asiri. In shiga gidansa a haka, duk ranar da ƙirjina ya tashi a tuna mini alfarma aka yi mini. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na kai wa Inno wayar na karanta mata, ina zaton ko yanzu za ta ji zafin abin. Sai ta ce yaron ya yi hankali. Ta zaunar da ni ta shiga lissafa mini halin da muke ciki, rumbu ya kusa ƙarewa, shanu ba a san ko za su dawo ba, Baba da furfurarsa yana maganar tafiya cin rani, ga ƙannena mata biyu suna tasowa. Ta ce yanzu da duk Isa ta ji ina da huka, wa zai sake tako ƙofar gidan nan? Tana faɗa tana kuka. Na tambaye ta don me ta ce ni na sayo ƙwayar.

"In na tona mai asiri gaban goggo tai, ya tahi ke nan. Ke nika ma gyara."

"Da na mutu hwa, Inno?"

"Ai ba ki mutu ba."

Na tashi na bar mata ɗakin. Na san tana sona, na san tsoro ne ya yi mata yawa, amma a ranar ban iya kallon fuskarta ba.

Da la'asar Baba ya dawo daga masallaci ya aika a kira ni. Yana zaune a kan buzunsa ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na ga an fito masa da babbar rigarsa ta zuwa gaisuwa an rataya a igiya. Inno na bakin madafa tana tankaɗe, amma na san kunnenta na wajenmu. Baba ya ce a masallaci wani dattijo ya ja shi gefe ya yi masa nasiha a kan amana, shi da bai taɓa sayar da ko akuya ba tare da ya faɗi aibinta ba. Ya ce gobe zai tafi Gangara ya durƙusa wa Hajiya Laraba ya ba ta haƙuri, don gidansa ne ya yi laifi. Amma kafin ya je yana so ya ji daga bakina.

"Saude, ban taɓa kama ki da ƙarya ba. Yaron ga ya san da ciwonki, ko bai sani ba?"

Tankaɗen Inno ya tsaya. Kalma ɗaya ce tsakanina da auren Amiru, kuma ku sani har a lokacin ban daina son sa ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na dubi babbar rigar da ke kan igiya, na hango Baba a cikinta durƙushe a gaban mutane yana neman gafara a kan ƙaryar wani.

"Ya sani, Baba. Tun ranar da munka haɗu. Shi ka aiko min da maganin shaƙa. Ƙwayar ma shi yab ba ni."

Inno ta saki rariya ta ce, "Ke ɗiyag ga," Baba ya ɗaga mata hannu ba tare da ya juya ba. Na miƙa masa wayar don ya ga saƙon, ya ce shi bai iya karatun boko ba, kuma ba ya yanke wa ɗan mutane hukunci a kan abin da wani ya karanta masa.

"Kira shi. Ki sa yadda za ni ji. Kak ki ce ina nan."

Na danna lambar, na buɗe murya, na ajiye wayar a kan buzun tsakaninmu. A raina ina roƙon Allah kada ya ɗauka, ina kuma roƙon ya ɗauka. Tana fara ƙara ya ɗaga, muryarsa wasai, har ana jin hayaniyar kasuwa a bayansa.

"Saudena, na san za ki kira. Kin dai hwaɗa ma tsohon ban sani ba ko? Ki bar shi ya zo ya ba Goggo haƙuri, da ya durƙusa an gama."

Baba ya miƙa hannu a hankali ya ɗauki wayar, ya kai ta kusa da bakinsa.

"Amiru," ya ce, "tsohon na."